Harshen damo cikin dokokin wasa: makamin asiri da maganin ƙarfe

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce nazarin wani nau'in jimla da ake samu cikin dokokin wasanni, wato jimlar da ke faɗin abin da ke iya yi wa mutum rauni da abin da ba ya iyawa. Irin wannan jimla gajera ce, kuma mai jin ta yakan ɗauka ya gane ta sarai, sai ran da aka zo aiki da ita sannan gardama ta tashi. Za mu duba ta a wurare biyu. Na farko shi ne maganar tauri da maganin ƙarfe kamar yadda ake yin ta a Hausar yamma, musamman a yankin Junju (Dioundiou). Na biyu shi ne rubutattun dokokin wasan Dungeons & Dragons, wanda masu shi suka shafe shekara 50 suna gyaran jimla guda a kan makaman asiri.

Junju na cikin Dallol Mawri, arewa da Gaya, a jahar Doso, kuma tana iyaka da jahar Kabi ta Nijeriya ta gabas. Ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire ta daga gundumar Gaya. Hausa da Zabarmanci da Dandanci da Fulatanci duk suna haɗuwa a kasuwannin yankin. A karin harshen wurin ana jin ƙarhe da tsahi inda daidaitacciyar Hausa ke da ƙarfe da tsafi. Mun bi daidaitaccen rubutu don sauƙin karatu. Jimlolin da muka sa wa lamba mu muka gina su bisa yadda ake magana, don haka kada a ɗauke su a matsayin nassin wata doka. Haka kuma batun ko magani na aiki ko ba ya aiki ba ya cikin wannan nazari. Abin da ya dame mu shi ne yadda ake fassara jimlar.

Da harshen damo (ambiguïté) muna nufin kalma ko jimla guda da ke ɗaukar fassara fiye da ɗaya, kowace fassara kuma nahawu ya yarda da ita. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa dokar makamin asiri magana take yi a kan iyakar wata kariya, kuma harshen damo na shigowa ne domin jimlar ba ta faɗi inda kariyar ta tsaya ba: ko a kan abin da aka yi makamin da shi, ko a kan irin aikin da aka yi da shi, ko a kan duk wata cuta.

2. Wasan da dokarsa

Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, ta hannun kamfanin TSR. Wasa ne da Faransawa ke kira jeu de rôle. Mutane huɗu ko biyar su zauna kewaye da tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, ko mayaƙi ko boka ko ɓarawo. Mutum guda, jagoran wasa, shi ke ba da labari kamar mai tatsuniya, shi ke magana da bakin dodanni, shi ne kuma alƙali. Idan ɗan wasa ya ce jaruminsa ya kai sara, sai a jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20, lambar da ta fito ta nuna ko saran ya samu.

Tun littafin dodanni na 1977 akwai halittun da aka ce ba a samun su sai da makami mai daraja +1 ko fiye. Lambar tana nufin abin da asirin makamin ke ƙarawa a kan ƙwayar da aka jefa. Nan take tambayoyi suka taso. Jarumin da ƙarfin damtsensa ke ƙara masa +1, ya cika sharaɗin? Takobin da darajarsa +1 ce a kan kowa amma +3 a kan wani jinsin dodo, da wace lamba za a auna shi? Mujallar kamfanin, Dragon, ta buɗe fili na musamman mai suna Sage Advice don amsa irin waɗannan wasiƙu.

Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997. Fitowa ta uku, ta 2000, ta sauya tsarin: makami na banza na iya samun dodo, amma ana rage wani abu daga raunin. Gyaran 2003 ya rarraba sharaɗin gida-gida, wani dodo sai asiri, wani sai azurfa, wani sai wani irin baƙin ƙarfe na musamman. Fitowa ta biyar, ta 2014, ta ce wasu halittu na da kariya daga bugu da suka da sara na makaman da ba na asiri ba. Daga baya kamfanin ya fitar da gyara, ya cire kalmar makami ya sa kalmar hari. A littafin dodanni na 2025 kuwa an jefar da sharaɗin gaba ɗaya. Wannan tarihi shi ne za mu riƙa komawa gare shi a sassan da ke tafe.

3. Harshen damo na kalma

Bari mu fara da jimlar da kowa ya sani:

(1) Ƙarfe ba ya cin ɗan tauri.

Kalmar ƙarfe na da aƙalla ma'ana huɗu. Tana nufin baƙin ƙarfe, wanda maƙeri ke dukawa. Tana nufin dukan dangin ma'adinai masu narkewa, shi ya sa ake cewa jan ƙarfe da farin ƙarfe. Tana nufin makami mai kaifi, wuƙa ko takobi ko mashi, ta hanyar kiran abu da sunan abin da aka yi shi da shi (métonymie). Sannan tana nufin lokaci, kamar ƙarfe biyu. Zabarmanci ma haka yake, kalmar guuru na ɗaukar ƙarfe da lokacin agogo duka. Ma'ana ta huɗu mahalli ya kore ta a (1), amma ukun farko duk suna nan daram. Idan ta farko ake nufi, wuƙar tagulla ta fita daga kariya. Idan ta biyu ce, harsashin dalma ya shiga. Idan ta uku ce, sandar ƙarfe marar kaifi ta fita.

Abin lura shi ne masu harshe sun riga sun ji wannan giɓi, domin suna bambanta maganin ƙarfe da maganin bindiga. Da a ce ƙarfe a (1) ya haɗa da harsashi ba tare da shakka ba, da ba a bukaci suna na biyu ba.

Aikatau ci shi ma ba tsayayye ba ne. Idan aka ce wuƙa ta ci mutum, ana nufin kaifinta ya shiga nama. Ba a cewa guduma ta ci mutum da wannan ma'ana, sai dai a ce ta buge shi ko ta farfasa shi. Ke nan (1) ta yi shiru a kan bugu. Ɗan tauri da ke goga wuƙa a wuyansa a gaban taro, makaɗi na zuga shi, yanka yake nunawa. Rabon gida uku da dokar 2014 ta yi, bugu da suka da sara, yunƙuri ne na toshe wannan kafa, a ambaci kowane aiki da sunansa.

Har ila yau Hausa na da wasu sunayen magani da ke nuna cewa kariya na iya zama a wurare dabam-dabam. Tauri a jikin mai shi yake. Kau-da-bara a kan hanyar makami yake, ya sa kibiya ko jifa ya kauce. Sagau a hannun mai kai hari yake, ya ɗaga hannu ya kasa saukewa. Layar zana da baduhu a idon abokin gaba suke. Wato ƙamus ɗin harshe ya riga ya raba jiki da makami da hari da maharin, rabon da marubutan wasan ba su kai gare shi ba sai bayan gyare-gyare masu yawa.

4. Harshen damo na mahaɗi

Wanda zai fassara arme magique zuwa Hausa dole ya zaɓi kalma, kuma kowane zaɓi na da nauyi. Tsafi na jawo tunanin azna da bori, waɗanda ke da dogon tarihi a Dallol Mawri, kamar yadda Marc-Henri Piault ya nuna a littafinsa kan tarihin Mawri na 1970. Sihiri kalmar malamai ce, kuma tana zuwa da hukuncinta. Dabo da siddabaru rufa-ido ne. Laya rubutu ce da aka ɗinke cikin fata. Asiri da magani su ne suka fi faɗi, shi ya sa muka ɗauke su. To amma ko an zaɓi kalma, mahaɗin -n ko -r da ke ɗaure sunaye biyu ba ya faɗin irin dangantakar da ke tsakaninsu. A duba:

(2) a. maganin gargajiya
b. maganin sauro
c. maganin ƙarfi
d. maganin Audu

Ginin ɗaya ne, amma (2a) asali take nunawa, (2b) abin da ake kora, (2c) abin da ake nema, (2d) mai abu ko wanda ake wa magani. Maganin ƙarfe na bin tsarin (2b). Yanzu sai mu ɗauki:

(3) takobin asiri

Wannan na iya zama takobin da aka ƙera da asiri tun a maƙera, ko takobi na banza da aka tsima daga baya, ko takobin da ake aikin asiri da shi, ko takobin da ke karya asiri, ko ma takobin da aka ɓoye, tun da asiri na nufin sirri. Sifar Faransanci magique ta rufe uku na farko ba tare da ta zaɓa ba. Hausa na iya zaɓa idan an so, ta hanyar cewa takobi mai asiri, ko takobin da aka yi wa asiri, ko takobi mai karya asiri, amma fa mai fassara ya yanke hukuncin da marubucin asali bai yanke ba.

Misalin baka da kibiya ya fi fito da matsalar. Idan baka na asiri ne, kibiya kuwa ta banza ce, me ya sami dodo? Dokar 2003 ta ce kibiyar da aka harba daga baka mai daraja +1 ana lissafa ta cikin makaman asiri, wato asirin na bin kibiya daga baka. Maharbin Dallol zai ga abin a juye, domin a wurinsa dafi a bakin kibiya yake, baka kuwa itace ne da tsirkiya. Duka fassarorin biyu suna da hankali, kuma nahawun (3) bai fifita ɗaya ba.

5. Harshen damo na iyaka

Nau'i na uku ya fi wuyar gani, domin kowace kalma na iya zama a fili amma iyakar jimlar ta kasance a buɗe.

(4) Makamin asiri kaɗai ke yi masa rauni.

Kalmar kaɗai na ware abu guda daga cikin wani taro, amma ba ta faɗin taron. Idan taron shi ne makamai, ma'anar ita ce cikin makamai na asiri ne kaɗai ke aiki, kuma wuta da ruwa da dafi da faɗowa daga bisa suna nan da ikonsu. Idan taron shi ne dukan abubuwan duniya, to ko an jefa shi rijiya ba abin da zai same shi. Oswald Ducrot, a littafinsa na 1972, ya bambanta abin da jimla ta faɗa da abin da ta ɗauka an riga an yarda da shi (présupposé). Taron da kaɗai ke aiki a kansa yana cikin kashi na biyu, shi ya sa mutum biyu ke iya amincewa da (4) alhali ba abu ɗaya suka amince da shi ba.

Gyaran da ya biyo bayan fitowar 2014 daga nan ya samo tushe. Akwai dodo a wasan, mutum mai rikiɗa ya zama kyarkeci, kusan irin labarin masu rikiɗa kura a wajenmu. An ce makamin da ba na asiri ba kuma ba a shafa masa azurfa ba, ba ya yi masa komai. To dunƙulen hannu fa? A ƙa'idar wasan naushi ba makami ba ne, don haka wanda ya bi lafazi zalla zai ce takobi ya kasa amma naushin manomi ya ci. Da aka sa hari a madadin makami, naushi ya shiga cikin kariya. Sai dai faɗowa daga kan dutse ba hari ba ne, saboda haka ta ci gaba da yi wa dodon rauni. An toshe kafa guda, wata ta rage.

Adabin baka ya daɗe da sanin wannan kafa, kuma da ita yake gina labari. A labarin Sunjata, wanda Djibril Tamsir Niane ya buga a 1960 daga bakin maroƙi Mamadou Kouyaté, ƙarfe ba ya cin Sumanguru Kante, sarkin Soso. A yaƙin Kirina, wajen 1235, abin da ya karya shi kibiya ce da aka sa wa ƙahon ƙafar farin zakara a baki. Kariyar ba ta yi ƙarya ba, domin ƙarfe bai ci shi ba. Mai sauraro ne ya faɗaɗa ƙarfe ya mai da shi duk wani makami, labarin kuma ya dawo da shi ga ƙunƙuntar ma'ana.

6. Wa ke yanke hukunci, kuma yaushe

Masanin shari'a H. L. A. Hart ya nuna a 1961 cewa kowace doka da aka rubuta da harshen mutane na da tsakiya inda ba a gardama, da gefe inda alƙali dole ya zaɓa. Misalinsa shi ne dokar hana shiga lambun gari da abin hawa: mota ta shiga ciki babu shakka, keke kuwa sai an yi shawara. Idan haka ne, ƙara kalmomi na rage gefen amma ba ya share shi, kuma tarihin da muka kawo a sashe na 2 ya tabbatar da hakan. A ƙarshe masu wasan sun gwammace su cire sharaɗin da su ci gaba da yi masa faci.

A amsoshin da kamfanin ya riƙa fitarwa daga 2015, an bambanta hanyoyin karatu uku: abin da lafazi ya ce, abin da marubuci ya nufa, da abin da zai sa wasa ya yi daɗi. An kuma bar wa jagoran wasa kalmar ƙarshe a teburinsa. Wannan jeri ba baƙo ba ne ga wanda ya yi karatun zaure. A babin rantsuwa, malaman Malikiyya kan duba niyyar mai rantsuwa tukuna, sannan dalilin da ya jawo rantsuwar, sannan yadda mutanen wurin suka saba amfani da kalmar, kafin a koma ga ma'anar lugga.

Bambancin da ya fi muhimmanci a ganinmu shi ne lokacin da ake yanke fassara. A tebur, jagora nagari kan faɗi fassararsa kafin a jefa ƙwaya, domin ɗan wasa ya san abin da yake shiga. A maganar maganin ƙarfe kuwa, sau da yawa fassarar na zuwa ne bayan jini ya zuba. Sai a ji an ce:

(5) Maganin ƙarfe ne aka ba shi, ba na bindiga ba.

(6) Ya karya sharaɗi.

Jimla ta (5) na ƙuntata ma'anar kalma bayan aukuwar abu, ta (6) kuwa na ƙaro sharaɗin da ba a iya tabbatarwa. Da waɗannan biyu babu wani sakamako da zai iya ƙaryata (1). Wanda ya sayi maganin ya ji faffaɗar ma'ana, wanda ya sayar ya riƙe ƙunƙunta, kuma jaridun Nijeriya da na Nijar sun sha kawo labarin waɗanda suka rasa rai wajen gwajin irin wannan magani. A nan harshen damo ya wuce batun nahawu.

7. Abin da wannan ke nufi ga wasanninmu

Kokowar gargajiya ta zama gasar ƙasa a Nijar a 1975, lokacin da aka yi karon farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Jahar Doso na da babban rabo a tarihin gasar, musamman ta hannun Isaka Isaka, wanda ya ɗauki takobi sau da yawa. Ƴan kokowa na shiga fili da layu da guraye a bainar jama'a. A dambe, wanda ya fi ƙarfi a Sakkwato da Kabi da Kano, hannun da aka naɗe sunansa mashi, ɗayan garkuwa, kayar da abokin karawa kuma kisa ne. Wato wasan da kansa ya kira hannu makami, kuma ƴan dambe kan sa laya cikin naɗin. Duk mai son rubuta dokar irin waɗannan wasanni da Hausa zai ci karo da matsalolin da muka jera. A ɗauki misali:

(7) An hana shiga fili da ƙarfe.

(8) An hana shiga fili da abin da zai cuci abokin karawa.

A (7), layar da aka ɗinke allura ko zobe a cikinta ta shiga ko ba ta shiga ba? Ƙaho mai tsini fa, wanda ba ƙarfe ba ne amma yana huda fata? A (8), ɗan kokowar da ya yi imani an yi masa sagau zai ce an cuce shi, alƙali kuwa ba shi da abin da zai taɓa ya nuna. Jimla ta (7) ta yi ƙunci, ta (8) ta yi faɗi. Muna ganin mafita ita ce a ambaci siffar da hannun alƙali ke iya tabbatarwa:

(9) An hana duk abu mai kaifi, ko mai tsini, ko mai taurin da zai iya fasa fata, ko da an ɗinke shi cikin laya. Alƙali zai duba kafin a kama.

Jimla ta (9) ba ta ce komai a kan asiri ba, kuma da gangan ne. Ta bar imani ga mai shi, ta ɗora doka a kan abin da ake gani, ta faɗi mai hukunci da lokacin hukunci.

8. Kammalawa

Mun ga cewa harshen damo cikin dokar makamin asiri na fitowa daga kalma, kamar ƙarfe da ci, daga mahaɗin da ke ɗaure sunaye biyu ba tare da faɗin dangantakarsu ba, da kuma daga iyakar kalmomi irin su kaɗai. Ga mai fassara daga Faransanci, shawararmu ita ce kafin ya zaɓi tsakanin asiri da tsafi da magani, ya fara tambayar daga me aka tsare wanda dokar ke magana a kansa, sannan ya bayyana a fili idan Hausarsa ta yanke abin da asali ya bari a buɗe. Aikin da ya rage shi ne a tattara yadda masu Hausa da masu Zabarmanci da Dandanci a Junju da Karakara da Zabori ke fassara jimloli irin (1) da (4), a ga ko iyakar ƙarfe da ta guuru ɗaya ce a bakin mai harshe biyu. Muna gayyatar ɗaliban sashe da suka fito daga yankin su ɗauki wannan batu.